Mu Huɗu, Babu Ɗan Amshi

Da aka haɗa mu mu huɗu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wa zai yi amshi. Kowa ya zo ne da niyyar a amsa masa.

Ni ce ta Gumel. Ina koyarwa a makarantar firamare, ranar Lahadi kuma ni ke ba da waƙa a zumuntar matan majami'armu, tulu a tsakanin ƙafafuna, ina dukan bakinsa da soso ina rerawa, mata suna amsa mini. Shekara da shekaru haka nake, har na saba da cewa in na buɗe baki sai wuri ya yi tsit. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da muryata, yanzu ma da saura.

Na Maigatari malamin dabbobi ne, yana duba shanu da raƙuma a kara, kasuwar dabbobi, ranar Alhamis, shi ya sa muke ce masa Likita. Yana da jita ta lantarki, ja, wadda yake haɗawa da batirin mota da wata tsohuwar sifika da ya ɗaure da roba. Ya taso yana sauraron faifan mawaƙan ƙetare, irin masu kiɗan manoma da makiyaya, kuma hannunsa ya ɗauko wannan salon. Na Sule Tankarkar malamin gona ne, Malam muke ce masa, garaya yake kaɗawa, wadda ya gada wurin kawunsa maharbi. Na huɗu shi ne dattijonmu, tsohon ma'aikacin layin dogo da ya yi ritaya ya ci gaba da zama a Gagarawa Tasha. Gurmi yake kaɗawa, muryarsa ƙasa-ƙasa, kowa Baba yake ce masa.

Mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa. Aiki ne ya kawo yawancinmu, muka zauna cikin maƙwabta Musulmi, muna kai musu shinkafar Kirsimeti suna kawo mana naman layya. Majami'unmu ƙanana ne, amma kowace tana da mawaƙinta guda da take taƙama da shi. Wata shekara aka gayyace mu huɗun nan godiyar kaka a Gumel, kowa ya yi tasa aka tafa masa. Da za a tashi sai wani dattijon majami'a ya ce mu haɗu mu yi guda ɗaya tare, a rufe taro da ita. Muka zaɓi wadda kowa ya sani. Duk mu huɗu muka ba da baitin farko a tare, duk mu huɗu muka yi shiru muna jiran amshi. Ba wanda ya amsa. Na dubi Likita, Likita ya dubi Malam, Malam ya dubi rufin kwano. Jama'a suka fashe da dariya har wata mata ta zame daga kan benci.

Amma a ɗan wannan baitin da muka yi tare, an ji wani abu. Jita ta hau kan garaya, gurmi ya ratsa tsakaninsu, tulu yana riƙe da su daga ƙasa. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Bayan an watse muka zauna a inuwar darbejiya muna cin dafaffiyar gyaɗa, kowa yana son a sake haɗuwa, kowa kuma yana zagaye maganar wa zai ja gaba. Likita ya ce mai jita ne ke ja gaba a ko'ina a duniya. Na ce masa duniyarsa ta tsaya a kara. Malam ya ce a yi ƙuri'a. Baba ya gama ɓare gyaɗarsa tukuna.

"Garuruwanmu huɗu ne," in ji shi. "Mu riƙa zagayawa. Duk garin da muka je, baƙi su ba da waƙa, mai gari ya yi amshi. Mutum ba ya ba da waƙa a garinsu."

Muka ga ai wannan adalci ne, domin kowa zai ƙasƙantar da kansa a gaban mutanensa sau ɗaya, ya yi sarauta sau uku. Haka dokar ta zauna. Ko suna ba mu taɓa yarda da guda ba, kowa ya kawo nasa ya ƙi na ɗan'uwansa, mutane suka gaji suka riƙa ce mana mutanen nan huɗu.

Idan na tuna shekarun da suka biyo baya, ba a jere suke zo mini ba. Hanya nake fara gani. Ina gaban motar haya, tuluna a cinya naɗe da zane kamar jariri, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Da damina gero ya rufe ƙauyuka sai tsinin rumbuna ake hange. Da kaka an jingina damman riɗi a gonaki, zoɓo ya yi ja a bakin hanya. Nakan yi gyangyaɗi in farka in ji Malam yana ɗan taɓa garayarsa a baya, ban san ko mun wuce Ɗanzomo ko ba mu kai ba. Har yau in na shiga mota da rana na lumshe ido, ina jin wannan garayar a ƙarƙashin ƙarar inji.

Ranar Asabar da hantsi muke gwaji, a garin da za mu yi waƙa washegari. A Maigatari majami'ar ba ta ɗaukar ƙarar sifikar Likita, don haka a wata rumfa muke zama, kusa da teburin wani mai shayi mutumin Damagaram. Ba ya shiga harkarmu, sai dai in mun yi kuskure ya daina fifita wuta ya dube mu. A Sule Tankarkar a tsakar gidan Malam muke yi, kaji suna bi ta ƙafafunmu. A Gagarawa Tasha kuwa a ƙofar gidan Baba, muna fuskantar layin dogo. Jirgi ya daɗe da rage zuwa, ƙarafan suna kwance a rana suna sheƙi, sun miƙe gabas har ido ya gaji. Matar Baba, wadda muke ce wa Mama, takan kawo mana kunun tsamiya ta koma ciki wurin awakinta. Ba ta taɓa bin mu ko'ina ba. Mota tana juya mata ciki, an ce tun da jirgi ya sauke su a tashar nan tana amarya ba ta kwana a wani gari ba.

Kowannenmu ya zo da waƙoƙinsa, muka kuma yi sababbi tare. An san mu har Haɗeja da Kazaure, ana kiran mu biki da taron mata da jana'iza. Mun yi faɗa ba adadi. Likita ya taɓa fita daga ƙungiyar wata biyu saboda na ce jitarsa tana kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, ya dawo da kansa ba wanda ya je biko. Amma duk inda Baba yake baƙo, akwai waƙar da ba a barin mu mu sauka ba mu yi ba, ita ce tasa. Waƙa ɗaya tak yake bayarwa. Baiti uku ce, amshinta kuma gajere:

Ajiyarka ce, Ubangiji, ka karɓi abinka.

Kullum in za a yi ta sai ya ce in matso da tuluna kusa da shi, ta hannun damansa. Yakan sunkuyar da kai ya fara, muryar tana fita a hankali kamar mai magana da wani a ɗaki. Ni kuma ina son wannan amshin ƙwarai, domin ya dace da muryata, nakan ɗaga shi sama in ja ƙarshensa har sai na ga mata sun fara rausaya. Na ɗauka waƙar godiyar amfanin gona ce. Nakan tsinci kalma ɗaya ko biyu, damina, jirgi, kafaɗa, in ce tsoho yana tuna zamanin aikinsa. Da murmushi nake yin amshin, wani lokaci har da 'yar rawar kafaɗa.

Wanda bai taɓa ba da waƙa ba ba zai gane yadda wannan ke faruwa ba. Ɗan amshi na gaskiya da kunne yake aiki, yana bin mai waƙa kalma da kalma. Mu kuwa ba mu taɓa koyon haka ba. In wani yana bayarwa, kowannenmu yana can yana shirya tasa da za ta biyo baya, yana gyara maƙogwaro, yana jiran alamar shiga kawai. Alamar Baba ita ce ya bugi gurmi sau biyu da ƙarfi. Ni ko wannan ba na iya jira, musamman a baiti na uku, inda yake jan abin har in ji ya ishe ni. Sai in faɗa da amshi, sauran biyun su biyo ni. Yakan ɗago ya dube ni ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da kiɗa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Baba ya rasu da farkon wata damina, bayan gajeriyar jinya. Muka yi masa waƙa a jana'iza, amma ba tasa ba, ba wanda ya iya ɗaga ta. Muka ce ƙungiya ta mutu ke nan. Wata uku ban taɓa tulu ba sai a majami'a.

Da kaka ta kama sai Mama ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai, gurmin Baba yana rataye a bangon ɗaki cikin jakarsa. Muka gaisa, ta tambayi yara da makaranta.

"Malama, akwai waƙar da Maigida yake yi a garuruwa," ta ce. "Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yi mini maganarta. Ni ban taɓa jin ta ba."

Na buɗe baki in ce ba zai yiwu ba, sai na tuna dokarmu. A Gagarawa Tasha Baba amshi kawai yake yi. Duk shekarun nan matarsa tana zaune a benci na biyu tana jin muryoyinmu mu uku, tasa kuwa sai a cikin amshin taro.

"A gida fa, Mama?"

"A gida da baki rufe yake yin ta. In yana tufka igiya ko yana ba awaki dusa. Sautin na sani, maganar ce ban sani ba. Ina so ku zo ku yi mini ita sau ɗaya, in ji abin da yake faɗa."

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, ta ba mu mako biyu. Da ƙarfin gwiwa na faɗa.

Asabar ta gaba muka haɗu a gidan Malam. Likita ya ɗauki kiɗan gurmin a kan jitarsa, bai ɓata ko ɗaya ba, garaya ta shiga, na shiga da tulu. Muka zo inda za a ba da baiti, muka yi shiru. Na dubi Likita, Likita ya dubi Malam. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ke ce kusa da shi," in ji Likita.

"Kai ne mai cewa kunnenka ya fi na kowa," na ce.

Malam ya ce mu bar wannan, kowa ya faɗi abin da ya riƙe. Muka tattara, abin bai cika layi biyu ba. Mun yi waƙar nan a gaban jama'a fiye da yadda zan iya ƙirgawa, mu uku ba wanda ya san ta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na tuna wata 'yar zumuntarmu ta taɓa ɗaukar mu a wayarta, na aika aka turo mini. Muka kasa kunne mu uku a kan wayar. A gefena matar ta tsaya, don haka ba abin da ke fita sai tuluna da muryata, tana tashi tana sauka tana jin daɗin kanta. Can a ƙasa akwai wani abu kamar kudan zuma a cikin tukunya, shi ne Baba.

Malam ne ya ce tunda mu ba mu saurara ba, mu nemi waɗanda suka saurara.

Ranar Alhamis na tafi Maigatari. Gari ya cika da shanu da manyan motoci, na ratsa na sami mai shayin nan yana nan inda yake, ya ƙara furfura. Ya yi mini ta'aziyya, ya zuba mini shayi ya ƙi karɓar komai. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ina jin nauyin tambayar Musulmi waƙar majami'a. Bai ga abin mamaki ba.

"Ta tsohon nan mai gurmi? Madam, ai ni don ita nake rage wuta."

Ya goge hannu a tsumma, ya dubi ƙasa, ya faɗo ta ba tare da rerawa ba, kamar mai ba da saƙo:

Ka aiko mana baƙo da farkon ruwa,
bai iya zama ba, bai iya kunu ba,
muka shimfiɗa masa zanen aurenmu.

Ya ce iyakar abin da ya riƙe sosai ke nan, na biyun ya san akwai jirgi a ciki amma ya kuɓuce masa. Na tambaye shi na uku. Ya ɗago ya dube ni.

"Na uku ai nan kike shigowa, Madam."

A hanyar komawa na yi ta juya baitin a raina. Wane baƙo ne bai iya zama ba, bai iya shan kunu ba? Na san amsar tun kafin mota ta fita daga gari, na dai ƙi yarda da ita har muka iso Gumel.

Baiti na biyu a Sule Tankarkar muka same shi. Akwai wata tsohuwa a majami'arsu Malam, kunnenta ya yi nauyi, kullum a bencin gaba take zama tana kallon bakin mai magana. Mijinta ya yi aiki a tasha tare da Baba tun suna samari. Muka je gidanta ni da Malam, sai da ya ɗaga murya kafin ta gane abin da muke so. Ta ce ita ba ta jin kiɗanmu sai dai ta ji shi a ƙirji, amma bakin Baba ta karance shi tsaf. Ta faɗa mana:

Na tsaya a bakin layi da shi a kafaɗa,
jikinsa ya fi ƙarfen zafi,
ranar kuwa ba ranar jirgi ba ce.

"Ɗansu ne na fari," ta ce. "Ƙyanda ce. Ko yaye ba a yi ba. Ana so a kai shi asibitin birni, babu abin hawa, kafin jirgin jibi ya zo an binne shi a bayan tasha, gindin wata aduwa. Ku da kuke yawo da shi ba ku sani ba?"

Ba mu sani ba. Mun san 'ya'yansa mata uku da ke aure a nesa, ba mu taɓa jin an yi namiji ba. Baba da Mama Hausawa ne na asali, daga wani ƙauye a kudancin Kano, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar su ba don sun shiga majami'a. Ko yana raye ba za su kama sunansa ba, balle su zauna su biyu su yi maganarsa. A nan na gane dalilin dokar da ya kafa mana a gindin darbejiya. Mu muna ganin ya raba mana gardama ne, ashe hanya ya nema da zai yi kukan ɗansa a garuruwa uku ba tare da ya yi shi a gaban matarsa ba. Ni kuma ina gefensa ina rawar kafaɗa.

Na tambayi tsohuwar baiti na uku. Ta girgiza kai. Ta ce in ya zo nan yakan sunkuya a kan gurmin har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ba ta ganin bakin.

Mun ƙara tambaya a wurare da dama, ba mu samu ba. Likita ya ce mu ƙirƙiri baiti mu sa, Mama ba za ta sani ba, shi zai iya rubuta wanda ya dace. Na kusa yarda. Malam ya ce shi ba zai sa wa mamaci magana a baki ba, in an zo wurin a yi kiɗa kawai, a bar gurbin. A kan haka muka tsaya.

Ranar da muka je gidan Mama, la'asar ta yi sanyi. Mama ta share tsakar gida ta shimfiɗa mana tabarma, ita ta zauna a kan turmi da ta kifa, ta sa zanen da take zuwa majami'a da shi. Ba ta gayyaci kowa ba. Ta kan katanga ana hango damman riɗi a gonar maƙwabci da kan aduwar nan a bayan tasha, wadda na sha wucewa ban taɓa dubanta ba. Likita bai kawo sifika ba, ya zo da jita ta katako. Malam ne zai bayar, don muryarsa ta fi kusa da ta Baba. Ni na ce amshi kawai zan yi, kuma ba wanda ya roƙe ni.

Malam ya ba da na farko. Da ya zo kan zanen aure, Mama ta sa hannu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ba ta ɗago ba. Muka yi amshi. Ya ba da na biyu, na jirgi. Mama tana kallon ƙasa tsakanin ƙafafunta, hannayenta a kan gwiwa. Muka yi amshi, a hankali na yi shi, yadda ban taɓa yi ba. Sai na uku. Jita da garaya suka ci gaba su kaɗai, ba murya. Na bari suka zagaya kamar yadda na saba ji, na ja numfashi na shiga.

Mama ta ɗaga hannu.

"Malama, bai gama ba."

Kiɗa ya tsaya. Na ce, "Mama, wannan baitin ba mu same shi ba, shi ya sa muka bar wurin."

"Na gane. Amma wurin da kuka bari bai ishe shi ba. Shekara nawa ina jin ta a tsakar gidan nan, na san tsawonta. Ku sake, ni zan gaya muku in ya gama."

Suka sake ɗaukowa daga ƙarshen na biyu. Na ɗora tafin hannuna a bakin tulu na riƙe. Muka zo inda na saba shiga, muka wuce. Kiɗan ya zagaya, ya sake zagayawa. Mama ta rufe ido, bakinta a rufe, kanta yana ɗan motsi kaɗan-kaɗan, tana bin abin da mu ba ma ji. Na fara jin abubuwan da ban san suna wurin ba, akuya tana tuƙa a bayan ɗaki, kurciya a kan katanga, wata mata tana daka can nesa, iska tana taɓa busasshen riɗi. Rana ta sauko ta kwanta a bangon da gurmin yake rataye. Na ji kamar in na waiwaya hagu zan gan shi a sunkuye, haɓa a ƙirji, yana faɗin abin da yake faɗa. Ban waiwaya ba. Kiɗan ya sake zagayawa, har na fara tunanin ko Mama ta manta da mu. Sai ta ɗaga yatsa ta bugi gwiwarta sau biyu.

Muryata ta ƙi fita. Likita da Malam ne suka yi amshin, Mama ta yi tare da su, ƙasa-ƙasa.

Abin da nake hayewa ya fi rabin baitin. Duk shekarun nan, a kowane gari, mutumin yana tsakiyar maganar ɗansa nake rufe shi da muryata. Na ajiye soson na yi kuka sosai, irin na yara, na ce mata ta yafe mini, ni na ɓatar da baitin, da na iya jira da yanzu ta ji shi. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta miƙo mini gefen zanenta.

"Share fuskarki," ta ce. "Wa ya ce ki riƙa zama kusa da shi?"

"Shi ne, Mama."

"To. Maigida ya san muryar kowa a cikinku. Da yana son a ji wannan wurin, da ba ke zai ajiye a gefensa ba."

Likita ya yi wata 'yar dariya da hawaye a idonsa, Malam ya juya yana gyara tsirkiyar da ba ta kwance ba. Mama ta tashi ta shiga ɗaki ta kawo mana kunun tsamiya.

Har yau ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko lallashina ta yi. Na sha juya maganar, wata rana in yarda, wata rana in ƙi. Ba mu rushe ƙungiyar ba, mu uku muka ci gaba, mutane kuma ba su daina ce mana mutanen nan huɗu ba. Muna yin waƙar a duk garuruwan, har da Gagarawa Tasha. In an zo baiti na uku baƙi sukan ɗauka mantuwa muka yi, su fara duban juna, wani ma ya yi tari don ya tuna mana. Nakan ɗora hannu a bakin tulu in jira har ya gama.